Gishiri a Jiki: Iyo a Kef Tawun Cikin Shekarar Fari

Ranar 1 ga Fabrairun 2018 hukumar birnin Kef Tawun, can ƙarshen kudancin Afirka ta Kudu, ta yanka wa kowane mutum lita 50 na ruwa a rana. Jarka biyu ke nan, irin waɗanda 'yan ga-ruwa ke turowa a kura. A cikinsu za ka sha, ka dafa, ka yi wanka da wanki da wanke-wanke, ka kora bayi, in kana da kyanwa ita ma a ciki za ta lasa. An hana ba shuka ruwan famfo, an hana wanke mota da shi, an hana ƙara ko kofi ɗaya a kwamin iyo na cikin gida. A cikin wannan watan na sauka garin, kuma tun daga filin jirgi aka fara yi mini huɗuba: alluna ta ko'ina, yawancin famfunan banɗaki a kashe, an ajiye man goge hannu a madadinsu. A masauki an cire matoshin bahon wanka don kada zuciya ta raya wa baƙo ya cika shi, an kuma girke bokiti a ƙarƙashin shawa.

Shi ya sa da mai masaukina ya ce in shirya, ranar Asabar za mu je iyo, sai na tsaya ina dubansa. Garin da ake auna ruwan shayi, ina aka ga na iyo? Ya ce in dai zo.

Wurin ana ce masa Sea Point Pavilion, a bakin Tekun Atlantika, gefen doguwar hanyar da mutanen garin ke shan iska da yamma. Na hukumar birni ne, kuɗin shigarsa kaɗan, na yara bai kai na manya ba. Kwami huɗu ne: babba mai tsawon mita 50 irin na gasar Olamfik, da mai zurfi na masu dirowa daga sama, da ƙanana biyu na yara. Katanga ce kawai tsakaninsu da teku, idan igiya ta fusata har feshinta kan tsallako. A bayanka dutsen da suke kira Kan Zaki, a gabanka can tsakiyar ruwa tsibirin Robben, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 a tsare. Ran nan wurin a cike yake maƙil. Ga tsofaffin Turawa masu jan fata suna kai da komo a layinsu ba sa kula kowa, ga samari daga unguwannin bayan gari da suka hau jirgin ƙasa ko tasi suka zo, ga matan Musulmi cikin kayan iyo masu rufe jiki har wuyan hannu, ga yara da ihunsu ya danne ƙarar teku.

Sai da ruwan ya shiga bakina na gane. Gishiri ne zalla. Injina ne ke zuƙo shi daga tekun da ke bayan katanga, a tace shi, a sa masa magani, a zuba. Ko ɗigo ɗaya bai fito daga madatsun ruwan da garin ke sha ba, don haka dokar lita 50 ba ta da hurumi a kansa. Sanyi gare shi kuwa, don ba a ɗumama shi, kuma tekun wannan gefen ruwan da ke gangarowa daga kudu mai ƙanƙara ne yake ratsa shi. Ka shiga da zafin rana a ka, ka fito haƙoranka na haɗuwa.

Abin da ke cin ruwan daɗi a irin wannan wuri ba kwamin ba ne, shawa ce, ita kuwa an rufe ta. Kowa ya fito sai ya goge jiki da tawul ya sa kaya. Idan rana ta busar da kai sai gishirin ya fito fari-fari a hannu da ƙafa, a fata irin tawa ya fi nunawa, ka yi ta ƙaiƙayi har gida, inda wankan minti biyu ke jiranka a kan bokiti. Kusa da inda muka shimfiɗa tawul akwai wata dattijuwa da yara huɗu, dukkansu Anti suke ce mata, har da waɗanda na tabbata jikokinta ne. Ta zo da gorar lemo ta lita biyu cike da ruwa daga gida. Duk wanda ya fito yana murza ido sai ya zo gabanta ya ɗaga kai, ta tsiyaya a murfin gorar, murfi ɗaya idon dama, murfi ɗaya idon hagu, ta shafe masa fuska da tafinta, ta kora shi. Wani ɗan ƙarami ya miƙa hannu zai ɗauki gorar da kansa, ta harare shi, ya janye. Har muka tashi gorar ba ta kai rabi ba.

Abin da ya fi burge ni a garin ke nan, kuma na yi ta cin karo da shi a wurare daban-daban: mutanen nan sun daina ɗaukar ruwa a matsayin abu guda. Kafin fari, ruwan da aka kashe kuɗi aka tace don a sha, shi ake ba ciyawa, shi ake kora masai da shi, shi ake cika kwami. Da fari ya matsa sai suka shiga bin ayyuka ɗaya bayan ɗaya suna duba wane ruwa ne ya ishi kowanne. Mai iyo ba sha zai yi ba. Ciyawar filin ƙwallo ba ruwanta da inda ruwa ya fito.

Yanayin wurin ya saɓa da namu. Ruwan samansu da sanyi yake zuwa, daga wajen Mayu zuwa Agusta, zafinsu kuwa, Disamba zuwa Fabrairu, ƙeƙasasshe ne, ga wata iska mai ƙarfi daga kudu maso gabas da ke shanye duk wata laima. Wato lokacin da jama'a suka fi son ruwa, lokacin ne sama ba ta ba da ko ɗigo. Garin mai mutum wajen miliyan 4 a lokacin ya dogara kusan kacokan ga manyan madatsun ruwa shida a tsaunukan gabas da shi, babbarsu Theewaterskloof, wadda ita kaɗai ke riƙe da fiye da rabin abin da ake tarawa. Damina uku a jere, 2015 da 2016 da 2017, suka zo a tsaitsaye. Zuwa farkon 2018 Theewaterskloof ta koma fili mai rairayi, kututturan itatuwan da ruwa ya binne shekara da shekaru suka fito tsaye, iska na tayar da ƙura a inda ake tuƙa kwale-kwale da.

Sai hukuma ta sa wa abin suna, Ranar Sifili. Idan jimillar ruwan madatsun ta sauka zuwa kashi 13.5 cikin ɗari za a rufe famfunan yawancin unguwanni, a buɗe wuraren ɗiba kimanin 200, kowa ya bi layi ya karɓi lita 25 a rana. A Janairu aka ce ranar za ta faɗo 12 ga Afrilu. Magajiyar garin lokacin, Patricia de Lille, ta fito ta ce lallashi ya ƙare, tilas za a yi wa mutane. Firimiyar lardin a lokacin, Helen Zille, ta shaida wa duniya cewa ba kullum take wanka ba. Aka rage ƙarfin ruwa a bututu, aka tsauwala kuɗinsa, aka sa wa gidajen masu ɓarna na'urar da ke yanke ruwa in sun wuce ƙima, aka kuma wallafa taswira a intanet inda kowa zai ga ko gidan maƙwabcinsa ya samu koren ɗigo na masu tattali. Mawaƙa ma sun gajarta waƙoƙinsu zuwa minti biyu, ka kunna ka shiga shawa, waƙa ta ƙare ka fito.

A irin wannan hali abu mafi sauƙi ga shugaba shi ne ya sa kwaɗo a duk wuraren iyo na jama'a ya ce ba lokacin wasa ba ne. Ba wanda zai zarge shi, wataƙila ma a yaba masa. Hukumar Kef Tawun ba ta yi haka ba. Cikin wuraren iyo 35 da take da su, ta bar 12 a buɗe a zafin da ya ratsa ƙarshen 2017 zuwa farkon 2018, ta kuma rarraba su yadda kowane ɓangare na garin zai samu.

Wanda bai san tarihin garin ba ba zai gane nauyin wannan ba. Wata doka ta 1953 ta raba wuraren jama'a bisa launin fata, har bakin teku da kujerun lambu, kuma ba a soke ta ba sai 1990. Wannan Sea Point ɗin da na yi iyo a cikinsa, da can irina ba ya wuce ƙofa. A 1966 aka ayyana unguwar District Six ta zama ta farar fata, aka kwashe mutum kimanin 60,000 aka watsa su a wani shimfiɗaɗɗen fili mai rairayi da ake kira Cape Flats, nesa da Dutsen Tebur da birnin ke gindinsa, nesa da inuwa. A can Hanover Park da Manenberg da Mitchells Plain suke, can gaba kuma Khayelitsha. Unguwanni ne masu cunkoso, wasunsu 'yan daba sun addabe su, kuma dogon hutun makaranta a Disamba da Janairu yake faɗowa, tsakiyar zafi. Yaron da aka rufe wa wurin iyon unguwarsu ba ɗaki zai koma ya zauna ba. Ko dai ya shiga titi, ko ya tafi wani kududdufi ko gaɓar teku inda babu mai ceto. Wani ma'aikacin wurin iyo a ɗaya daga waɗannan unguwanni, mutum mai furfura da ake kira Boeta kamar yadda Musulmin garin ke kiran babban wa, ya gaya mini cewa shi a ganinsa aikinsa ba tsaron ruwa ba ne, sanin inda yaran unguwa suke da ƙarfe uku na rana ne.

Shi ne ya zagaya da ni ɗakin injina, wani ɗan ɗaki mai zafi da warin kulorin. Abin da na koya a nan ban taɓa tunaninsa ba. Kwamin iyo ba a zubar da ruwansa a sake sabo, ruwa ɗaya ne ke ta zagayawa ta cikin manyan tukwanen ƙarfe masu cike da yashi, yashin na riƙe datti. Idan yashin ya toshe sai a juya ruwan ya bi ta baya da ƙarfi ya wanko dattin, wannan gurɓataccen ruwan kuma a da kwata ake sakar wa, lita dubbai a kowane wanki. Da fari ya zo, a tanki ake tara shi, a bar shi ya kwanta, laka ta zauna a ƙasa, a mayar da na sama ta cikin matata ya koma kwami. Ya buɗe mini murfin tankin na leƙa: sama garau, ƙasa toka-toka. Sauran asarar kuwa ta hanya uku take fita: rana da iska su sha, masu iyo su fantsalar, tufafi su kwashe. Rana ba yadda za a yi da ita sai a rufe kwami da murfi idan ba kowa a ciki. Fantsama aka ce a rage, a daina dirowa a dunƙule don ruwa ya tashi, wanda a wurin yaro shi ne rabin daɗin. Tufafi kuma aka ce sai kayan iyo na ainihi, ba a shiga da riga da gajeren wando na auduga, don auduga na shan ruwa, kowane yaro ya fita da rigarsa jiƙe ya fita da abin da ba zai dawo ba. Ka lissafa yaro ɗari biyar, kowanne ya shiga ya fita sau goma.

Wannan doka ta tufafi ta ɗan tsaya mini a rai, don yaron da ba shi da kayan iyo yawanci shi ne wanda aka bar wurin a buɗe dominsa. Na tambayi Boeta, ya yi murmushi ya nuna mini wani kwali a bayan ƙofa, cike da kayan iyon da aka manta aka bari shekara da shekaru, an wanke an ninke. Bai ƙara cewa komai ba.

A jirgi, kafin ka sauka, idan ka leƙa ta taga za ka ga unguwannin gindin dutse, Constantia da Bishopscourt da Camps Bay, kusan kowane gida da ɗan shuɗin tabo a bayansa. Kwamin iyo ne, na iyali ɗaya. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature Sustainability a 2023 ya nuna cewa masu hali da na kusa da su, waɗanda ba su kai kashi 14 cikin ɗari na mutanen garin ba, su ke shan fiye da rabin ruwansa, galibi a lambu da kwami. Unguwannin 'yan share-wuri-zauna kuwa, inda gidaje da yawa ke tarayya a famfo ɗaya, abin da suke sha bai wuce kashi 4 zuwa 5 ba, kuma da yawansu ba su taɓa ganin lita 50 a rana ba ko a shekarar da ruwa ya yi yawa. Ni dai a lissafina wurin iyo na jama'a ba ya cikin ɓarna, yana cikin maganinta. Rana ba ta tambayar mutum nawa ne a cikin kwami kafin ta sha rabonta. Faɗin fuskar ruwan kawai ta sani. Kwamin da yara dubu suka shiga a mako da wanda ya wuni shiru a bayan gida yana jiran mai gida ya dawo daga ofis, in faɗinsu ɗaya, asararsu ga rana ɗaya ce.

A Newlands kuma wani abin ne daban. Unguwa ce a gindin Dutsen Tebur ta gefen da ya fi samun ruwan sama, kuma akwai idanun ruwa da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutsen, rani da damina. Ɗaya yana ƙarshen wani ɗan lungu mai suna Springs Way. Wani mutumin gari ne, ba hukuma ba, ya ga yadda ake turereniya a kan baki ɗaya, ya kawo dogon bututun roba ya huda masa bakuna da yawa don mutane su riƙa tara jarka a jere. Na je da asuba na tarar da layi ya riga ya miƙe. Lauya da mai gadi, Bayahude da Musulmi, mai Marsandi da wanda ya zo a ƙafa, kowa da farar jarkarsa. Wasu samari sun samu sana'a, suna tura wa mutane jarkoki a keken kanti zuwa mota a ba su na goro. Lungun bai ɗauki wannan taro ba. Mazauna suka yi ta ƙorafi, aka yi faɗa har 'yan sanda suka shigo. Cikin shekarar hukuma ta rufe wurin ta ja ruwan da bututu zuwa harabar wurin iyo na Newlands, wanda yake a rufe lokacin, mai filin ajiye motoci da sarari. Da na sake ratsa garin bayan damina ta sauka, can na tarar da layin: famfuna a jere, masu gadi, ƙa'idar lita 25 a kowane zuwa. Wasu sun yi kewar tsohon lungun, suna cewa can na jama'a ne, nan na hukuma. Ina jin suna da gaskiyarsu. Amma wurin da aka gina don wasa da ruwa ya koma wurin raba shi, ba a bar shi kwance yana jiran fari ya wuce ba.

Idon ruwa ne kuma ya raya lambun Green Point, kusa da filin wasan da aka gina don gasar cin kofin duniya ta 2010. A watan da ciyawar kowane gida ta zama ruwan ƙasa, har mutane na alfahari da mutuwar lambunsu don ita ce shaidar suna bin doka, wannan lambun kore shar yake, da ƙoramu da 'yan tafkuna da agwagin ruwa. Na ga baƙi suna tsayawa suna karanta allon da ke bayani, fuska a ɗaure, kafin su saki rai. Ruwan daga idanun ruwan Oranjezicht yake, a kafaɗar Dutsen Tebur. Saboda irin wannan ruwan ne Jan van Riebeeck ya kafa zango a nan a 1652 don jiragen kamfanin Holan su riƙa shan ruwa da sayen ganye, kuma titunan tsakiyar gari irin su Heerengracht da Buitengracht asalinsu magudanan ruwa ne. Da gari ya girma aka gina madatsu a nesa, sai aka binne magudanan, ruwan ya riƙa bin ƙarƙashin titi yana faɗawa teku ba mai amfana. Lokacin shirin gasar ne aka ja shi da bututu zuwa Green Point. Ba don fari aka yi ba, shekaru kafin fari aka yi, amma da farin ya zo an samu wuri ɗaya a tsakiyar gari inda uwa za ta kai yaro ya yi birgima a ciyawa kyauta.

Filayen ƙwallo su suka fi shan wuya, ba kuma zan ce an yi musu dabarar da ta wadatar ba. An hana ba su ruwan famfo, ciyawa ta mutu, takalma suka tone sauran, iska ta kwashe ƙasar. Hukuma ta taƙaita wasanni a filaye da yawa don kada su lalace gaba ɗaya, ƙananan kulob-kulob na unguwa suka rasa inda za su buga. Waɗanda suka tsira iri uku ne: masu rijiyar burtsatse, da masu ciyawar roba, da waɗanda bututun ruwan kwata da aka tace ya iso gare su. Wannan na ƙarshen shi ya fi ba ni sha'awa. Ruwan da ya fita daga gidaje ya je matatun birni irin na Athlone da Bellville, maimakon a sake shi duka ya tafi teku, sai a mayar da wani kaso ta bututu na daban zuwa filayen wasa da makarantu da masana'antu, da alluna masu gargaɗin kada a sha. Yana da ɗan wari da sassafe in an kunna abin feshi. Ciyawar roba kuwa ba ta shan ruwa, ana buga mata safe da yamma ba ta gajiya, sai dai da tsakar rana tana ɗaukar zafin da ke ratsa takalmi. A babban filin kurket na Newlands, inda Indiya ta kara da Afirka ta Kudu a Janairun 2018, burtsatse ce ta riƙe ciyawa, amma 'yan wasan Indiya, duk da sunansu da kuɗinsu, an roƙe su kada su wuce minti biyu a shawa.

Ranar Juma'a na yi salla a Bo-Kaap, unguwar Musulmi mai gidaje kala-kala a kan gangare, inda masallacin Auwal yake tun 1794. A masallacin da na shiga an ɗaure yawancin famfunan alwala, an jera 'yan gorunan feshi da ƙananan kofuna. Liman ya tunatar da abin da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya yake alwala, abin da bai kai lita ba, kuma wanki ɗaya-ɗaya ya isar. An yi sallar roƙon ruwa a garin ba sau ɗaya ba. Na lura ba wanda ya ga saɓani tsakanin ɗaga hannu sama da ɗaure bakin famfo.

Ranar Sifili ba ta zo ba. Garin da ke shan lita kusan biliyan 1.2 a rana a zafin 2015 ya sauko zuwa wajen miliyan 500 a farkon 2018, ƙasa da rabi, cikin shekara uku. Manoman tuffa na yankin Grabouw da Elgin suka saki wa birni wajen lita biliyan 10 daga nasu madatsun a Fabrairu. Noma ne ma ya biya farashi mafi tsada: an yanke wa gonaki kashi 60 cikin ɗari na rabonsu, leburori dubbai suka rasa aiki, su kuwa ba a cika jin labarinsu ba idan ana yabon garin. Aka yi ta ɗage ranar, daga Afrilu zuwa Mayu zuwa Yuni zuwa Yuli, har ruwan sama ya sauka aka daina maganarta. An kafa ƙananan injinan cire gishiri daga ruwan teku na wucin gadi a Strandfontein da Monwabisi, wuraren shaƙatawa biyu na mutanen Cape Flats masu manyan tafkunan da igiyar teku ke cikawa da kanta. Kowanne lita miliyan 7 aka tsara zai bayar a rana, abin da bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da mutane suka rage da hannunsu, kuma bayan 'yan shekaru aka kwance su. Tafkunan igiyar dai suna nan, su da na St James da Dalebrook da Camps Bay: katanga ce kawai aka gina a cikin duwatsun gaɓa, teku ya cika ya tsallako ya sabunta ruwan, ya janye ya bar wa yara. Babu inji, babu famfo, babu kuɗin shiga a yawancinsu.

A Oktoban 2018 aka ɗaga rabon mutum zuwa lita 70, a Disamba zuwa 105. A Oktoban 2020 madatsun suka cika, Theewaterskloof ta yi ambaliya karo na farko tun 2014, kuma daga 1 ga Nuwamban shekarar aka janye takunkumin. Wasu ƙa'idoji dai an shigar da su dokar ruwa ta birni, ba su tafi tare da fari ba. Ba a ba lambu ruwan famfo tsakanin ƙarfe 9 na safe da 6 na yamma. Tiyo sai da abin da ke tsayar da ruwa a bakinsa. Sabon kan shawa kada ya zubar da fiye da lita 7 a minti, sabon tankin masai kada ya wuce lita 6. Kwamin iyo kuma, duk wanda ke da shi, dole ya rufe shi da murfi a duk lokacin da ba kowa a ciki.